Tsohon Keken Kakanmu a Fassi: A Hau Shi ko A Adana Shi?

A ɗakin da ke gefen zauren gidanmu a Fassi, inda ake jibge tsofaffin garemani da buhunan da suka huje, akwai wani baƙin keke da ya daɗe a jingine. Tayoyinsa sun ƙeƙashe, fatar sirdinsa ta tsage gida biyu, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakanin wayoyin ƙafafunsa. Tun muna yara muke jin cewa kakanmu ne ya saye shi da kuɗin gyaɗa tun kafin Yaƙin Hitila. Ba wanda ya ƙara waiwayarsa sai ranar da wani ɗan jari-bola ya leƙo da ma'auninsa, ya ce a ɗora masa a kilo ya biya. A ranar gardama ta tashi a gidanmu, kuma ta ɗauki makonni kafin ta lafa.

Kowa ya yarda ba za a ba ɗan jari-bola ba. Daga nan ne ra'ayi ya rabu. Baffana, wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin gona da kasuwannin Kibiya da Rano, ya ce a kai shi wurin mai gyara a sa masa sababbin tayoyi da sarƙa da sirdi, a fesa masa fenti, a ba ɗaya daga cikin yaran gida ya riƙa zuwa makaranta da shi. Yayana kuwa, malamin makaranta ne, ya ce ko noti ɗaya kada a kwance sai an tabbatar da irinsa, kuma duk abin da ya lalace sai an nemo na asali, irin wanda kamfanin ya fito da shi, ko da za a shekara ana cigiya. Da farko na ɗauka ƙaramar magana ce. Da na zauna na saurari kowannensu sai na ga tambayar da suke ja a kanta ta fi keken nauyi: idan muka ce abu na asali ne, me muke nufi?

Hujjar Baffa ta farko ba ta buƙatar dogon bayani. Don hawa aka yi keke. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, mutane da yawa a ƙauyukanmu sun jingine babura sun koma kan kekunansu, masu faci da suka fara zaman jiran tsammani kuma aiki ya dawo musu. A irin wannan lokaci, in ji shi, a ce ga firam lafiyayye na ƙarfen Ingila a jingine a ɗaki, yaro kuma yana taka sayyada zuwa makaranta, wannan rashin tausayi ne. Ya ƙara da cewa mai keken, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaukarsa abin kallo ba. Ya ɗora masa buhun dawa, ya goya mara lafiya zuwa asibiti, ya keta rairayi da taɓo da shi. In ana son girmama shi, a bar kekensa ya ci gaba da aikin da ya saba.

Hujjarsa ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma ita ce ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ya ce ai gauraye-gaurayen da yayana yake ƙyama su ne suka kawo keken har zuwa yau. Da kakanmu ya tsaya jiran kayan Ingila duk lokacin da feda ta karye, da tuni an manta da shi. Gaskiya ne kuwa. Kekunan China irin su Phoenix da na Indiya irin su Hero da Avon, waɗanda suka cika kasuwanninmu daga baya, an gina su ne a kan fasalin tsohon keken Ingila: taya mai lamba 28 x 1½, birkin sandar ƙarfe, feda mai kotafin, kariya mai faɗi. Saboda haka mai gyara a gindin bishiya yana iya ciro abu daga wannan ya sa wa wancan, mai keke ya biya kuɗi kaɗan ya hau ya tafi. Wannan dabara ta masu gyaranmu ilimi ce, kuma ita ta riƙe sufurin karkara shekara da shekaru ba tare da taimakon kowa ba.

Sai maganar kuɗi. Kamfanin Raleigh ya daina ƙera kekuna a Nottingham tun 2002. Kamfanin Sturmey-Archer mai yin giya ya koma hannun wani kamfani na Taiwan a 2000. Duk wanda ya dage sai kayan da aka ƙera kafin 1939, to sai ya nemo su a hannun masu tara tsofaffin kaya a Turai, ya biya da kuɗin waje, ya biya na dako. Kafin a kammala, an kashe abin da zai sayi sababbin kekuna. Baffa ya kira wannan almubazzaranci, ya ce mutumin da bai gama sayen takin bana ba bai kamata ya shiga wannan ba. Ya kuma tuna mana cewa roba tana mutuwa ko ba a taɓa ta ba. Tayar da ta shekara tamanin, ko da sabuwa ce fil a cikin takardarta, ba mai hankalin da zai ɗora ɗansa a kanta ya gangara tudu.

Yayana bai musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya ce shi ne, “Baffa, keken hawa yana nan a kasuwa, gobe ma za a kawo wasu. Wannan kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.” Daga nan ya shiga tarihi, kuma a nan ne na fara karkata gare shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuɗi suka fara shiga hannun manoma da 'yan baranda da masu awo. Kantunan Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant, da UAC da aka kafa a 1929, suka riƙa sayen gyaɗa suna sayar da atamfa da gishiri da kwano da fitila, har da abin da mutanen wancan lokaci suke kira basukur. A wancan zamani dokin ƙarfe ba na kowa ba ne. Malaman En'e, da duba-gari, da malaman makaranta, da 'yan kasuwar da suka tara abin hannu, su ne ake gani a kansa, kuma har lasin ake yankar masa. Mutumin ƙauye da ya sayi keke, labarinsa sai ya zaga gari. Saboda haka keken da ya rage daga wancan lokaci shaida ne a kan yadda dukiya ta shigo ƙasar Rano, da wanda ya same ta, da abin da ya yi da ita. Mun iya adana takobi da sirdin doki da alkyabbar sarauta, kuma wanda ya shiga Gidan Makama a Kano zai ga irin kayan tarihin da ake tattalawa. Amma kayan talaka, waɗanda ya yi gumi ya saya, su ne kullum suke ƙarewa a tukunyar narka ƙarfe. Dalar gyaɗa ta tafi, sai hotuna. Keken da kuɗin gyaɗar suka saya yana nan a ɗakinmu, ana iya taɓa shi da hannu.

Ya ce abin da ya fi tsorata shi shi ne fenti. Taya in an sa sabuwa ana iya cirewa. Amma ranar da aka kankare baƙin fentin kamfani, wanda aka gasa a wuta, tare da siraran layukan ruwan zinariya da sunan da aka manna a jikin firam, to ba mai iya dawo da su. Na san gaskiyar wannan domin ya taɓa faruwa da ni. Shekarun baya na kai wani tsohon keken mahaifina wurin wani mai fenti a birni, na ce ya ɗan gyara masa fuska. Da na koma na tarar ya bi shi da samfefa tun daga kai har wutsiya, ya ɓalle tambarin gaba ya jefar, ya manna masa takardun ado masu ƙyalli. Shi a ganinsa ya kyauta mini. Garin neman gira aka rasa ido, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani, wadda ta sa hujjar Baffa ta cewa komai yana shiga komai ba ta cika ba. Kekunan Raleigh na Nottingham suna da irin zarensu na daban. A gidan boris na tsakiya, inda ƙarfen feda yake juyawa, zarensu 26 ne a kowane inci, alhali yawancin sauran kekunan Ingila da waɗanda aka kwaikwaya daga gare su 24 ne. Bambancin kaɗan ne, shi ya sa yake yaudara. Murfin da aka ciro daga wani keke zai fara shiga kamar ya dace, sai ya cije a tsakiya, mai gyara ya ɗauko babbar sifana ya matsa da ƙarfi. Da ya yi haka ya cinye zaren firam ɗin, daga ranar kuma gidan ba zai ƙara riƙe komai da kyau ba sai an kai ga walda. Tsofaffin masu gyara sun san wannan ko da ba su san lissafin ba. Za ka ji sun ce kayan Rali ba ya son baƙo. Matasan da suka koyi sana'ar a kan kekunan China ba duka suka sani ba.

To yaya ake gane na asali? A nan ne na ga yayana ya yi karatun abin sosai, domin sai da ya fito da keken tsakar gida, ya sa aka kawo kananzir da tsumma, muka bi shi gaɓa-gaɓa. Farkon abin dubawa tambarin da ke goshin firam. Na Raleigh ɗan ƙarfe ne da aka kafe da ƙananan ƙusoshi, da kan tsuntsu zalɓe a samansa, waɗanda aka ƙera a gida kuma suna ɗauke da sunan Nottingham a ƙasa. Kamfanin ya samo sunansa ne daga wani titi a wannan gari, inda Frank Bowden ya shiga harkar wani ƙaramin shagon kekuna. Sauran kamfanoni kowa da alamarsa: Rudge tafin hannu, Phillips zaki, BSA bindigogi uku a jingine da juna. Amma tambari shi ya fi komai sauƙin sauyawa, don haka ba a tsayawa a kansa. Sai a duba farantin da sarƙa take hawa, domin a yawancin kekunan Raleigh an huda siffar kan zalɓen a jikinsa, na Rudge kuma siffar hannu. Sai kafaɗar fok ɗin gaba, wadda a Raleigh take kamar bututu a kwance da ɗan murfi mai loɓawa a kowane gefe. Sai lambar da aka buga a jikin firam, galibi a ƙarƙashin sirdi ko a ƙasan gidan feda, wadda masana suke gwadawa da jerin lambobin kamfani don ƙiyasta shekara. A Ingila akwai ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin kekuna, Veteran-Cycle Club, wadda ta faro tun 1955, kuma irin wannan bin diddigi shi ne aikin 'ya'yanta.

Hasken ƙarfe ma yana ba da labari. Kafin wajen 1930 ruwan nikel ake yi wa hannu da birki, wanda haskensa yake da ɗan ɗumi kamar na tsohuwar azurfa. Daga baya kurom ya maye gurbinsa, mai haske fari kamar madubi. A shekarun yaƙi kuma, da ƙarafa suka yi wuya, an riƙa shafa wa waɗannan sassa baƙin fenti kawai. In keken mai giya ne, cibiyar ƙafar baya ta Sturmey-Archer ita ce ta fi kowa faɗin gaskiya, domin samfurin AW da ya shahara ya fito ne a 1936, kuma waɗanda aka yi bayan yaƙi ana buga musu shekara da wata a jiki. Sai dai yawancin kekunan da suka zo ƙasarmu ba su da giya, don haka ba kullum ake samun wannan shaida ba.

Abin da muka gani a namu keken ya sanyaya jikin kowa, har da mai binciken. Firam da fok da faranti duk na Raleigh ne, tambarin yana nan da sunan Nottingham. Amma cibiyar baya tana ɗauke da lambar shekarun 1950. Feda ɗaya ta Ingila ce, ɗayar ta China. Sirdin ba Brooks ba ne, wani baduku ne ya ja fata a kan tsohon ƙarfe ya ɗinke. Kariyar kuwa aikin maƙeri ce, mai kauri, an yi ta don buhu. Wato ko dai an sauya ƙafar baya bayan shekaru, ko kuma keken gaba ɗaya bai kai shekarun da muke ba shi ba. Wannan abu ne da ya kamata duk mai tsohon keke ya shirya ji. Fasalin baƙin keken Ingila bai sauya sosai ba tsakanin shekarun 1930 da na 1970. Raleigh ya haɗiye Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957, sannan a 1960 shi ma ya shiga inuwa ɗaya da Phillips da Hercules, ta yadda sunaye daban-daban suka riƙa fitowa daga gida ɗaya. Daga baya har a Kano an yi masana'antar Raleigh. Ga kuma ɗimbin kekunan da aka saya lokacin kuɗin Udoji a 1974. Saboda haka mafi yawan abin da ake kira na kafin yaƙi a garuruwanmu, na bayan yaƙi ne. Wannan bai rage musu daraja ba, amma ya wajaba a kira kowanne da shekarunsa.

A nan ne nake ganin yayana ya yi tuntuɓe. Da ya ga fedar China da kariyar maƙeri da sirdin baduku, sai ya ce duk a cire su a nemo irin waɗanda ke cikin littafin tallan kamfani. Na tambaye shi: Yaya, in ka yi haka, keken wa za ka samu? Za ka samu keke irin wanda yake a kantin Bature ranar da ba a sayar da shi ba tukuna. Keken kakanmu kuwa shi ne wanda ya yi shekaru a hanyar Fassi zuwa Rano. Kariyar nan wani maƙerin ƙasar nan ne ya auna ta da idonsa, ya san nauyin buhun gyaɗa, ya san ramukan hanya. Fatar sirdin nan daga hannun majema da dukawa ta fito, sana'ar da aka san Kano da ita tun kafin a san Nottingham da keke. Wanda ya cire waɗannan don ya sa na Ingila ya goge rabin tarihin da ya ce yana karewa, kuma rabin da ya goge shi ne namu. Ma'aunin masu tara kekuna na Turai ya dace da su, domin tarihin masana'antunsu suke adanawa. Mu abin da ya fi shafarmu shi ne abin da keken ya yi bayan ya sauka daga jirgi.

Mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san wani abu game da wannan. Soron da kakanni suka gina yana tsaye ne saboda yaɓen da ake yi masa kafin damina. Ƙasar da ke fuskarsa ta bana ce ko ta bara, amma ba wanda zai ce ba soron kaka ba ne, domin tubalinsa da azararsa da fasalinsa suna nan. Wanda ya hana a yi yaɓe don kada a taɓa aikin magabata, ruwa zai rushe masa shi. Wanda kuma ya rushe ya zuba bulo da siminti, ya sami ɗaki, amma soron ya tafi. Keke ma yana da abin da yake matsayin yaɓe, yana da abin da yake matsayin azara. Taya, da tub, da robar birki, da boris, da sarƙa, da kotafin, kamfanin da kansa ya yi su ne don su ƙare a sauya. Sa sababbinsu ba cin amanar kowa ba ne, kuma a nan Baffa ya fi gaskiya. Firam, da fok, da tambari, da faranti, da cibiyoyi, da hannu da sandunan birkinsa, da murfin sarƙa, da fentin da ya rage ko yaya ya koɗe, waɗannan su ne keken, kuma a nan yayana ya fi gaskiya.

Inda ban bi Baffa ba ko kaɗan shi ne ba wa yaro shi ya riƙa zuwa makaranta kullum. Na san yadda yara suke yi da keke: goyon mutum biyu, tsere, jefarwa a ƙasa in an ji ƙararrawa. Cikin zango ɗaya za a rasa abin da ya tsira shekara sittin ko fiye. Buƙatar yaron gaskiya ce, kuma ba a kawar da ita da zancen tarihi. Amma maganinta keken hannu ne daga kasuwa, wanda in mu jikoki muka haɗa kuɗi ba zai gagare mu ba. Wanda ya ce a adana, shi ya kamata ya fara sa hannu a aljihu don kada adanawar ta zama a kan wuyan yaro. Haka kuma ban yarda a rataye shi a bango ya zama gawa ba. Keken da ba a juya shi, giris ɗinsa yana daskarewa, tsatsa ta ci shi daga ciki. A hau shi zuwa masallacin Juma'a, a fito da shi ranar Salla, a bar yara su ji ƙarar ƙararrawarsa su yi tambaya.

Akwai wasu abubuwa biyu da gardamar gidanmu ta tono, waɗanda suka wuce gidanmu. Na farko gado. Keke dukiya ce, kuma in mai shi ya rasu ya shiga cikin abin da magada suke da haƙƙi a kai, mata da maza. Sau da yawa saboda an raina shi ba a sa shi a lissafi, sai wani ya ɗauka ya sayar ko ya kyautar ba da sanin kowa ba. In aka gane yana da daraja kuma, sai rigima ta tashi. Mu sai da muka tara waɗanda abin ya shafa, har da gwaggonninmu, kowa ya furta da bakinsa cewa ya yafe rabonsa a bar shi a gidan. Na biyu algus. Da zarar an ji cewa akwai masu sayen tsofaffin kekuna da tsada, za a sami mai ɗauko firam ɗin China ya kafa masa tambarin zalɓe, ya bar shi a ruwa ya yi tsatsa, ya rantse cewa tun zamanin Sarki Alhaji yake. Addininmu ya hana wannan a cinikin hatsi, ya hana shi a cinikin ƙarfe. Sanin alamomin da na zayyana shi ne kariyar mai saye. Mai sayarwa kuma, in ya sa sabon abu, ya faɗa. Ba laifi ba ne keke ya zama gauraye, laifin a ɓoye ne.

Ina jin nauyin wata hujja da ba a kawo a gidanmu ba, amma na ji ta a bakin wasu: wai ƙasar da ke fama da tsadar abinci ba ta da lokacin tsohon ƙarfe. Ina girmama masu faɗin haka, domin yunwa ba abin wasa ba ce. Sai dai irin adanawar da nake kira gare ta ba ta cin kuɗi. Kananzir kaɗan, da giris, da inuwa, da haƙurin barin fenti yadda yake, sun wadatar. Abin da ɗan jari-bola zai bayar a kan kilo ba zai ciyar da gida kwana biyu ba. Wanda tsananin buƙata ta sa ya sayar, ba mai zarginsa. Amma yawancin kekunan da suka tafi, rashin sanin darajarsu ne ya tafi da su.

Ga abin da muka yi a ƙarshe. Mun kira wani dattijo mai gyaran keke wanda ya san kayan Rali tun yana yaron shago, muka roƙe shi ya yi aikin a tsakar gidanmu. Ya wanke gidajen boris ya sa sababbi da giris, ya mayar da murafensu na asali. An sa sababbin tayoyi da tub da robar birki da sarƙa. Ba a taɓa fenti ba, an dai goge shi da mai har ragowar layukan zinariya suka fito a ƙarƙashin datti. Kariyar maƙeri tana nan. An kai sirdin wurin baduku ya sake masa fata a kan ƙarfensa na da. Fedar China ma mun bar ta, sai in Allah ya sa an dace da 'yar'uwar ta Ingila a wurin wani mai tsofaffin kaya. Duk abin da aka cire, har tsohuwar sarƙa, an zuba shi a gwangwani an ajiye. Yayana ya sami littafi ya rubuta lambar firam, da abin da aka sauya, da ranar da aka sauya shi, da duk abin da tsofaffin gidan suka tuna game da inda keken ya je. A shafin farko ya rubuta cewa Raleigh ne na Nottingham, cibiyar bayansa ta shekarun 1950 ce, kuma a gida ana cewa an saye shi kafin yaƙi. Yaron kuma an saya masa nasa.

Kirana ga mutanen Fassi da Tarai da Durba da sauran garuruwan Kibiya da Rano shi ne, duk mai irin wannan keke a rumbu ko a bayan ɗaki ya fito da shi ya duba goshinsa da lambarsa kafin mai ma'auni ya sake zagayowa. A tambayi tsofaffin da suka san wanda ya saye shi tun suna raye, a rubuta. Masu gyara kuma, don Allah, in aka kawo muku mai tambarin zalɓe kuka ji murfi ya cije, ku ajiye sifana ku nemi wanda ya girme ku a sana'ar.